Ƙonni: a keɓe fili tun alƙalami bai cinye shi ba

Duk ɗan kasuwar Birnin Ƙonni da harkar kaya ta kai Yamai, da duk ma'aikacin gwamnatin da ya je bin sawun takardarsa a ofishin minista aka ce masa ya dawo da la'asar, sun san yadda tsakar rana take a babban birni: masauki ya yi nisa, kuɗin taksi ba na kai da kawowa ba ne, rana kuma ba ta san baƙo ba. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunawa da cewa a cibiyar garin, tsakanin inda ƙaramar kasuwa take kafin gobarar 2012 da gangaren da ke duban kogin Isa, akwai wani lambu mai faɗin hekta 24 wanda ƙofarsa ke buɗe ga duk wanda ya biya ƴan kuɗin shiga. Shi ne gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a watan Disamba na 1959, tun ƙasar ba ta gama karɓar mulkin kanta ba, daga baya kuma aka raɗa masa sunan Bubu Hama, malamin makaranta, marubuci, shugaban majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974. Mutanen Yamai ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna. Muze kawai suke cewa.

Wanda ya shiga zai tarar da ɗakunan baje kayan tarihi, farare masu adon shuɗi irin na ginin Hausa, a warwatse cikin itatuwa. Wannan na tufafin gargajiya ne, wancan na kayan kiɗa, ga na zane-zanen kan duwatsu, ga na uraniyom da aka ƙara daga baya. A wani gefen an kakkafa gidajen ƙabilun ƙasar, tantin Buzu kusa da bukkar Bafillace, kusa da ɗakin Bazabarme da na Bahaushe, kowanne da irin rufinsa. A ƙarƙashin wata rumfa ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa, har da wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa kai tsawon mutum. Ga kuma busasshen itacen Tenere, wanda ayarin gishiri suka daɗe suna saiti da shi a kan hanyar Bilma, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. A duk wannan yanki na hamada shi kaɗai ne itacen da ke tsaye, shi ɗin kuma direban ya samu ya buge. Aka kwaso gawarsa zuwa Yamai aka gina mata ɗaki.

Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa na zaune a rumfunansu suna aiki a gaban mai saye. Can gefe ga zakuna da kuraye da dorina. Ranar sallah kuwa gani ya kori ji: yara ne birjik cikin sababbin kaya, ƴan unguwannin masu hali da ƴan unguwannin da ko famfo babu, kowa riƙe da kuɗin barka da sallah, suna turereniya a ƙofa ɗaya don su kalli zaki ɗaya. Wuraren da ɗan minista da ɗan mai ga-ruwa ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ƙasar nan ba su da yawa. Makaranta ta daina haɗa su tun da masu hali suka kwashe ƴaƴansu zuwa makarantun kuɗi, asibiti ma haka. Saura filin idi, da filin kokawa, da irin wannan lambu.

Ba komai na wurin ne abin yabo ba. Zaki a cikin keji abin tausayi ne ko da ya ƙoshi, kuma gidan ya sha fama da ƙarancin kuɗi kamar kowace ma'aikatar al'adu a ƙasar da ba a tunawa da al'adu sai an gama raba kasafi. Amma mai ziyarar da ya zauna a inuwa ya yi lissafi irin na ƴan kasuwa zai gane cewa abin da ya fi komai tsada a gidan shi ne ƙasar da yake zaune a kanta. Hekta 24 a tsakiyar Yamai, maƙwabtaka da manyan otal-otal da bankuna: a yanka ta gida-gida a ga miliyoyin da za ta kawo. Abin da ya sa take nan har yau shi ne an keɓe ta tun lokacin da ba wanda ke kwaɗayinta. A 1959 mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba, daji na farawa daga bayan bariki, Bubu Hama kuma da Pablo Toucet, Baturen da ya fara shugabantar gidan, sun nemi fili a zamanin da fili ba ya da mai hamayya. Yau garin ya haura mutum miliyan ɗaya. Da sun ce a dakata sai ƙasa ta yi arziki, da yanzu benaye ne a wurin.

To, a ƙidayar 2012 garin Ƙonni kaɗai, ban da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ya haura mutum dubu 60. Wato tun shekaru fiye da goma da suka wuce Ƙonni ta kusa ninka Yamai ta lokacin da aka buɗe muze. Ina nata hekta 24? A bar zancen 24. Ina biyu?

Ba inuwa Ƙonni ta rasa ba. Dogon yaron da magabata suka dasa a bakin titunanta ya girma, baƙo na yaba shi tun kafin ya sauka daga mota. Sai dai inuwar bakin titi inuwar neman abinci ce. Mai shayi ya kama tasa, ɗan canji ya baje nairarsa da sefarsa, ƴan ruwa-ruwa sun jera kwalaben fetur, ƴan kabu-kabu na jiran mai zuwa bakin iyaka, manyan motocin da suka fito Yamai za su Maraɗi da Damagaram sun toshe abin da ya rage. Wannan ba laifi ba ne; da wannan hada-hadar garin ke numfashi, kuma wanda ya ga yadda ta mutu sa'ad da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba zai yi wa titi fatan shiru ba. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwanon rufi ya zama tanda, ina matar da ke gidan haya da ƴaƴa huɗu za ta kai su? Ina ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC zai zauna da littafinsa ba tare da hayaƙin babur ba? Ina tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya zai miƙe ƙafa? Samari sun warware tasu matsalar tun shekarun 1990: benci ɗaya, butar shayi ɗaya, a bakin kwata, suka kira ta fada. Manya kuma suka riƙa aibata su da zaman banza a titi ba tare da an nuna masu inda za su koma ba.

Abin da ke cinye filin jama'a a garuruwan ƙasar nan ba ambaliya ba ce; alƙalami ne, kuma hanyarsa sananniya ce. Duk lokacin da za a yi yankan filaye, masu awo na zana taswira, a cikinta a bar wa jama'a rabonsu: nan makaranta, nan asibiti, nan kasuwa, nan kuma wani murabba'i da aka shafa wa koren launi aka ce lambun unguwa ne. A kan takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa, fili ne fetal, ba shinge, ba itace, ba mai gadi, ba wata alama. Shekarar farko yara na buga ƙwallo a ciki. Ta biyu maƙwabta sun fara zuba shara. Ta uku ya zama juji da matattarar ledoji, sai wani mai kishin lafiyar jama'a ya rubuto takarda yana cewa wurin na jawo sauro da ɓata gari, shi kuwa a shirye yake ya raya shi. A ƙa'ida dukiyar jama'a ba ta sayuwa, to amma doka ta bar ƙofa: ana iya fitar da fili daga rukunin dukiyar jama'a a mayar da shi rukunin da hukuma ke iya sayarwa. Sa hannu biyu ko uku ne. Kafin damina ta zagayo an zuba bulo, bayan shekara ga gidan mai ko jerin shaguna, kuma ba wanda ya karya doka.

Akwai dalilin da ya sa abin ya tsananta. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a watan Yuli na 2004 aka ɗora wa magadan gari nauyin tsafta da makarantu da rijiyoyi, ba tare da an haɗa masu da kuɗin da zai ɗauki nauyin ba. Harajin kai ba ya tattaruwa sai da jan ido, tallafin gwamnati na zuwa a makare idan ya zo, ma'aikatan hukumar na bin bashin watanni. A irin wannan hali, magajin garin da ya dubi fili babu kowa rumbu yake gani. Sayar da filaye shi ne kuɗin da ke shigowa nan take, kuma ƙasar da aka sayar ba ta da bakin da za ta yi yajin aiki.

Yamai ɗin da ta tsare hekta 24 na muze ita ce kuma ta nuna yadda ake asarar dubbai. A 1965 aka fara dasa mata ɗamarar itatuwa, wadda ta kai hekta fiye da dubu 2, don ta tare iska da ƙura. Yankan filaye ya yi ta gutsurarta, yau kaɗan gobe kaɗan, har wurare da dama suka koma unguwanni. A farkon shekarun 2000 kuma, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnatin da ta gaji bashin albashin ma'aikata na shekarun 1990 ta ga ba ta da kuɗin biya, sai ta biya da filaye. Ba wanda zai ga laifin malamin makarantar da ya karɓa, mutumin da ya yi watanni yana cin bashin mai kanti. Da yawansu ba su ma iya ginawa ba; sun sayar da takardun da rahusa ga waɗanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Amma darasin da hukumomi suka ɗauka daga nan shi ne cewa ƙasa kuɗi ce da ake bugawa ba tare da banki ba. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

A nan ne ya kamata ma'aikata da ƴan kasuwa, waɗanda su ne suka fi riƙe jarida a hannu, su daina kallon al'amarin kamar laifin wasu can. Ba a taɓa cefanar da filin jama'a ba sai da ma'aikacin da ya zana, da wanda ya sa hannu, da wanda ya buga hatimi, da kuma alhajin da ya ƙirga kuɗi. Idan ɗaya daga cikinsu ya noƙe, cinikin ya mutu.

Ƙonni kuma tana da hujjar da ta fi ta inuwa ƙarfi. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa da kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ke jagoranta, bayan ta yi karo da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta auka wa wannan birni mai ganuwa, ta kashe mutane ba adadi, ta kwashe dukiya da bayi, ta bar shi kango. Ta'asar rundunar ta yi munin da hukumomin Faransa da kansu suka aika kanar Klobb ya bi sawunta ya karɓe jagoranci. Ya bi ta ne ta ƙauyukan da aka ƙone da rijiyoyin da aka cika da gawa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka juya suka kashe kyaftin ɗin biyu. Kaburburansu na nan a Maijirgi, kusa da Tasawa, kowa ya san wurin, kowa ya san sunayensu. Waɗanda suka kashe a Ƙonni kuwa ba wanda ya rubuta nasu sunayen.

Abdullahi Mamani ya rubuta littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Wagadugu a 1987. Ta haka Lugu ta shiga bakin duniya. Labarin Ƙonni ya zauna a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma na tafiya ɗaya bayan ɗaya. A ƴan shekarun nan jikokin waɗanda abin ya shafa sun tashi neman Faransa ta amsa laifinta ta buɗe takardunta, kuma suna da gaskiya. Sai dai al'ummar da ke neman wata ƙasa ta tuna da matattunta, ita ce ya kamata ta fara nuna inda ɗanta zai je ya tsaya ya tuna da su. Wannan ba ya bukatar izinin Paris. Fili yake bukata, da bango guda da za a rubuta shekarar da sunayen unguwanni da ƙauyukan da aka halaka, da ɗaki guda da za a ajiye muryoyin dattawa kafin su ƙare. Fadar sarkin Ƙonni da masu unguwanni sun fi kowane mai awo sanin inda ganuwa ta bi da inda aka binne mutane. Su ya kamata a fara tambaya kafin a kafa turken farko.

Tarihin yankin kuma ba kuka kaɗai ba ne. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, a ƙasar Ƙonni suka zauna, shi kansa a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau. Ɗan kasuwar da ke zuwa Sakkwato ziyarar Hubbare sau da yawa ya bi ta kusa da mahaifar mai Hubbaren bai sani ba. A ɗaya gefen ga Masalata, dab da gari, da bikin arwarta na azna da ke tara jama'a kowace shekara. Waɗannan duka Ƙonni ne, ko wani ya so ko ya ƙi, kuma lambun jama'a shi ne wurin da yaro zai iya jin labarinsu duka ba tare da an ce masa ya zaɓi ɓangare ba.

Za a ce wannan zancen ƙoshi ne: hatsi ya yi tsada, ƴan bindiga sun addabi bakin iyaka, ciniki ya ja baya, wa ke ta lambu? Amsar ita ce keɓe fili ba ya cin ko dala daga kuɗin hatsi. Abin da yake ci shi ne ribar wanda ya so ya saye shi. Gina lambu na iya jiran shekara biyar, ko goma. Keɓe filinsa ne ba ya jira, domin asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, filin tsakiyar gari kuwa da zarar an zuba masa siminti ya tafi ke nan har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a kuma ce lambu matattarar lalata ce, kuma wasu malamai za su faɗi haka daga kan mumbari da zuciya ɗaya. Damuwarsu ba abar raini ba ce. Amma abin da ke jawo ɓarna shi ne duhu da rashin mai kula, kuma kangon da aka bari ya zama juji ya fi kowane lambu tara ta. Wuri mai shinge da fitila da mai gadi, da ake buɗewa da safe a rufe da magariba, da ɗan masallaci a kusurwa da ɓangaren da mata za su sake da ƴaƴansu, ya fi lungu aminci nesa ba kusa ba. A sa malaman a cikin kwamitin kula da shi tun ranar farko, su sa ido da kansu.

Tsoro na uku na ƙananan ƴan kasuwa ne, kuma shi ya fi tushe. Duk sa'ad da hukuma ta ambaci ƙawata gari, mai rumfa ya san a kansa za a ƙare. Ba a manta da rusau ɗin 2016 a Yamai ba, lokacin da aka tumɓuke rumfuna da shagunan bakin titi aka bar masu su da tarkacen kwano. Idan lambun Ƙonni zai tashi a kan korar mai tuwo da mai faci, gara kada a yi shi. Muze kansa ya nuna wata hanyar: masu sana'a na ciki, suna samun abincinsu, suna kuma jawo masu ziyara. A jera ƙananan rumfuna a jikin shinge a ba mai fura da mai kilishi da mai shayi haya, kuɗin hayar ya biya mai gadi da mai ban ruwa. Zaki dai kada a kawo. Garin da bai gama biyan masu sharar kasuwa ba ba shi da naman ciyar da shi.

Malbaza da Illela sun fi Ƙonni sa'a, domin har yanzu lokaci na hannunsu. Malbaza ba ta zama gunduma ba sai a 2011, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan ɗaukaka: ofisoshi, gidajen ma'aikata, yankan filaye ɗaya bayan ɗaya. Tana matsayin da Yamai take a 1959. Gari ne da ke yi wa ƙasa siminti tun shekarun 1960, mazaunansa sun san ƙura fiye da kowa. Ba zai zama roƙo ba idan hukumar garin ta nemi masana'antar ta ɗauki nauyin shinge da kujerun lambu guda. Illela kuwa ba ta bukatar a koya mata rayar da mataccen wuri. A 1989 wasu manomanta suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo ana zuba taki, suka dawo suka inganta tassarsu, cikin ƴan shekaru dubban hektocin da aka yanke wa ƙauna suka koma gonaki, har faƙon da ake bayarwa kyauta ya zama abin saye da sayarwa. Mutanen da suka fitar da gero daga tsandauri ba za su kasa raya itace ɗari biyu a tsakiyar garinsu ba.

Ilimin dashe ma ba baƙo ba ne a jihar Tawa. A kwarin Majiya, wanda ruwansa ke gangarowa har Ƙonni, an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tun 1975, suka kai ɗaruruwan kilomita. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Seyni Kunce ta mayar da 3 ga Agusta ranar dashen itace. Shekara hamsin ke nan manya na sanya manyan riguna, su durƙusa gaban masu ɗaukar hoto, su dasa, su wanke hannu, kafin kaka awaki sun gama da abin da aka dasa. Da a ce kowace shekara a fili ɗaya mai shinge ake yin bikin, da yanzu kowane babban gari na da kurminsa. Ruwa ma ba hujja ba ce a Ƙonni, garin da madatsun Mozage da Zango ke shayar da gonakin rani sama da hekta 2,400 a gefensa. Rijiya ɗaya da famfo mai aiki da hasken rana sun isa hekta biyu, musamman idan aka bar furannin Turai da ciyawar otal aka dasa abin da ƙasar ta sani: tsamiya, maɗaci, gawo, kurna, ceɗiya, da kuka guda a tsakiya domin jikoki.

Saura tambayar wa zai yi. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Kantoma ba ya da magoya bayan da zai saka wa da filaye bayan zaɓe, don haka yana iya keɓe wuri da sa hannu ɗaya; amma kuma ba ya da majalisar da za ta tambaye shi, don haka yana iya sayar da shi da sa hannu ɗaya. Ko zaɓaɓɓe ke kan kujera ko naɗaɗɗe, fili ba ya tsira sai in akwai mutanen da za su yi ƙara idan an taɓa shi. A Nairobi, a 1989, gwamnatin jam'iyya ɗaya ta Kenya ta so ta kafa bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar birni. Wangari Maathai ta yi ta rubuta wasiƙu tana kai ƙara kotu, ƴan majalisa suka yi mata ba'a, aka kore ƙungiyarta daga ofishinta, amma masu zuba kuɗin suka janye, benen bai tashi ba. Ƙonni ba ta bukatar jaruma irin wannan. Ƙungiyar ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago na malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda suka iya rufe gari a kan harajin duwan ko bashin albashi, sun isa su nemi abu ɗaya mai sauƙi.

Abin nema shi ne a fito da taswirar kowane yankan filaye da aka yi a Ƙonni da Malbaza da Illela tun 2004, a liƙa ta a ƙofar ofishin hukumar gari inda mai wucewa zai gani, a nuna kowane murabba'in da aka shafa wa kore da abin da ke kansa a yau. Waɗanda suka tafi, a faɗi wanda ya sa hannu da wanda ya saya. Daga cikin waɗanda suka rage a zaɓi mafi girma kuma mafi kusa da tsohon gari, a yi masa takardar mallaka da sunan jama'ar garin, a kafa turaku a kusurwoyinsa huɗu, a rubuta lambar takardar a kan allo a bakin titi, kafin 3 ga Agusta mai zuwa.